Babi na Shida: Auna Iyakar Gona Don Tantan Mai Bin Tauraron Ɗan'adam

Darasi na 1: Shiri

Iyayena da yayyena, akwai tantan da ake ɗaura wa na'ura a kan rufi, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS masu nuna inda mutum yake, ta riƙe sitiyari da kanta ta ja layi ɗoɗar. Direba yana zaune, amma na'urar ce ke tuƙi. Sai dai ba ta san inda gonarka ta ƙare ta maƙwabcinka ta fara ba. Gambar da ke kan iyaka da dutsen da kakanka ya kafa, duk ba ta ganinsu. Taswirar da aka sa mata kaɗai take bi, kuma kai ne za ka fara fitar da ita da ƙafarka.

Ka tanadi waya mai cikakken caji, wadda malamin gona ya sa wa manhajar awo. Ka ɗauki turaku, da littafi da biro. Ka gayyaci maƙwabcin gonarka ku zaga tare, in akwai tsohuwar jayayya a kira mai unguwa. A yi aikin da rani bayan an kwashe kara, kafin ruwan watan Mayu ya sauka. GPS ba ya cin kati, kuma yana aiki ko a inda babu sabis.

Darasi na 2: Tsayuwa a kusurwa

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka za mu yi a hankali.

Je ka kusurwar farko ta gonar, ka kafa turke. Buɗe manhajar. Riƙe wayar a tafin hannu, fuskarta tana kallon sama. A jikin allon za ka ga wata lamba, da ƙaramin harafin m a gefenta. Wannan m ɗin yana nufin mita, kuma mita ɗaya ta kai babban taku ɗaya na magidanci. Lambar tana gaya maka yawan kuskuren da wayar za ta iya yi. In ka ga 20 m, wayar tana cewa ne: wataƙila na kauce da taku 20. Saboda haka babbar lamba ba ta da kyau. Ƙaramar lamba muke nema.

Tsaya cik. Kada ka danna komai. Kalli lambar, za ka ga tana sauka: 20, 12, 8. Wayar tana buƙatar taurari aƙalla 4 kafin ta gane inda kake, ga shi suna can sama da nisan kilomita kusan 20,000, sai an ba ta lokaci. Jira har lambar ta kai 5 ko ƙasa da haka. Ƙirga 30 a zuci. Sannan ka danna maɓallin ajiye wuri, sau ɗaya.

A lura da ɗigo. In ka ga 4.5, huɗu da rabi ke nan, ba arba'in da biyar ba. Yana da kyau, danna. In ka ga 45 babu ɗigo a tsakiya, kada ka danna.

Mu maimaita. Ka iso kusurwa, ka tsaya, ka kalli lamba, ka jira ta sauka, ka ƙirga 30, ka danna. Yanzu bi iyaka zuwa kusurwa ta biyu. Me za ka yi? Tsayawa. Lambar da ta yi kyau a kusurwar farko ba ta wadatar da ta biyu ba, a kowace kusurwa sai an sake duba ta. Haka a ta uku, haka a ta huɗu. Duk inda iyaka ta lanƙwasa, ko kaɗan ne, nan ma kusurwa ce: tsaya, kalli lamba, jira, danna.

In hannunka ya riga ka, ba komai, goge ka sake. Ba wanda aka haifa da iyawa, kuma mutumin da ya iya daidaita garmar shanu ba abin da zai gagare shi a nan.

In kusurwar tana ƙarƙashin mangwaro ko ɗorawa, ganye zai tare saƙon, lambar ta ƙi sauka. Ƙara jira. In ta ƙi, rubuta a littafi ka shaida wa mai tantan.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya. Ina ganin wasunku suna dannawa suna tafiya suna hira, wani ma wayar na aljihu. Wannan ba awo ba ne! Kuskuren mita 10 ya kai kunya 13 na masara, in ana barin santimita 75 tsakanin kunya da kunya kamar yadda masanan noma na Samaru ta Zariya ke koyarwa. Kunya 13 na gonar wani, ko na burtali, tantan ta bi ta kai. Wa za ka ɗora wa laifi a gaban dagaci? Ɗan lokaci kawai aka ce ka jira. Tsaya, kalli lamba, jira, sannan ka danna.

Darasi na 3: Rufe zagaye

Bi iyaka ta gefe ɗaya har ka dawo turken farko, sannan ka danna maɓallin gamawa. Wayar za ta nuna girman gonar. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, kusan eka biyu da rabi. Rubuta lambar a littafi, da ita za ka yi cinikin kuɗin haro da lissafin taki. In zanen bai yi kama da gonarka ba, akwai kusurwar da ba ka jira ba. Koma.

Awon waya yana kaucewa da mita kaɗan ko da an yi shi daidai. Kafin a fara aiki, mai tantan zai bi turakunka da tasa na'urar, irin wadda ake kira RTK, mai kuskuren santimita 2 zuwa 3. Kada ka cire turakun.

Darasi na 4: Abubuwan da ke cikin gona

Rijiya, suri, kututture, kaɗanya, bakin kwari. Je gindin kowanne ka ajiye wurinsa kamar yadda ka yi a kusurwa, da jiran lamba. Tantan ba za ta kauce wa abin da ba a nuna mata ba.

Darasi na 5: Layin farko

Direba zai sa alamar A a farkon gefe mafi tsawo, ya sa B a ƙarshensa. Sauran layuka duk wannan za su bi. In gonar gangare ce, ka ce masa layin ya gitta gangaren don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A bar fili a baki biyu don juyawa.

Darasi na 6: Ajiya

Sa wa taswirar suna, misali "Gonar Galma", ka tura wa mai tantan.

Aikin gida: auna filin makarantarmu sau biyu, ka kawo lambobin biyu ranar Asabar.