Kurakuran da aka fi yi wajen kewaye lambun duwatsu a tsakar gida

A Tawa dutse ba abin nema ba ne, duk Adar ƙasarsa ce. Shi ya sa gidaje ke ware lungu a tsakar gida, a jera duwatsu, a zuba tsakuwa, a dasa kariya, shukar nan mai kumburin gindi, da ire-irenta masu jure ƙishi. Sai dai yawancin lambunan da na ga sun lalace, daga baki suka fara, wato abin da aka kewaye su da shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora dutse a saman ƙasa kawai. Ni ma haka na fara. Da rani abin gwanin sha'awa, amma da ruwan Agusta ya sauka sau biyu sai ya yashe ƙarƙashin layin, da safe na tarar duwatsun sun kife, tsakuwata kuma ta kai bakin ƙofa. Gyaran ba wuya: a haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, a binne kusan kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse, faffaɗan gefensa a ƙasa. A ɗan karkata shi ciki, a cusa ƙanana a tsakani, a daddaɓe ƙasar. Idan ka taka ya motsa, bai zauna ba.

Wasu kuma don gudun wannan sai su kira magini ya ɗaure bakin da bulo da siminti, ba ƙofa ko ɗaya. Wannan ya fi na farko muni, domin kwami aka gina. Ruwa ya kwanta, gindin kariya mai kumburin nan ya yi laushi ya ruɓe. Mu duba abin da manoman Keita, a nan yankin Tawa, ke yi a gonakinsu mana: layin duwatsunsu yana rage wa ruwa gudu, ya tare ƙasa, amma ruwan yana ratsawa ya wuce. Kafin ka sa dutse ko ɗaya, zuba bokiti biyu ka ga inda ruwa ya nufa, ka bar masa tazarar yatsu biyu ko uku a can. Kada kuma lambun ya manne da katangar laka, a bar fili tsakaninsu, in ba haka ba danshi zai ci gindinta.

Katako kuwa abincin gara ne. Roba marar kauri ba ta jure ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ta bushe ta kakkarye. Tsohuwar taya tana tara ruwa, sauro ya samu gida. Kwalabe ma a manta da su a gidan da yara ke yawo ba takalmi.

Tsayin bakin ma ana raina shi. Idan ya yi daidai da tsakuwa, duk sharar safe tsintsiya za ta tura yashi ciki ta janyo tsakuwa waje. Ya ɗara ta da kamar santimita 5. A ganina kuma bakin ya fi kyau in daga irin dutsen da ke ciki aka yi shi. Shafa masa farin fenti ɓata kuɗi ne, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta mai da shi ja.

Ciyayi irin su kiri-kiri da aya-aya ta ƙarƙashi suke shigowa, dutse ba ya tare su. A tone saiwoyinsu tun lokacin haƙa ramin. Mai son shingen aguwa a bayan duwatsu ya tuna ruwanta yana ƙona ido, na kariya kuma dafi ne, a nisanta su da wurin wasan yara. Ramukan ƙarƙashin dutse a cike su da yashi saboda kunama, in kuma za a ɗaga dutse a fara juya shi da fartanya kafin a kai hannu.