Yadda ake cin moriyar watannin horon aiki kafin kammala jami'a

Kwasa-kwasai da yawa na injiniyanci, kimiyya, aikin gona, kwamfuta da lafiya sukan tura ɗalibi waje na wasu watanni ya yi aiki a masana'anta, ɗakin gwaje-gwaje ko wurin gini. Tsarin ba sabo ba ne. Tun a 1906 Herman Schneider ya fara shi a Jami'ar Sinsinati ta Amurka, inda ɗaliban injiniyanci ke yin mako guda a aji, mako guda a masana'anta. Amfanin waɗannan watanni ya rataya ne a kan abu biyu: abin da hannunka ya taɓa, da abin da ka rubuta a ranar da ka taɓa shi.

Ka fara neman wuri tun ana saura wata uku ko huɗu. Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka kai ta wurare biyar zuwa goma, don ba kowa zai ba ka amsa ba. Kada girman sunan kamfani ya ruɗe ka. Inda aka tara ɗalibai arba'in ƙarƙashin ma'aikaci ɗaya, yawanci aikin kai takardu da kallo daga nesa za ka ƙare da shi, alhali ƙaramin wurin da ku biyu ne kawai zai sa ka riƙe sifana tun makon farko. Tambayi wanda zai riƙa duba aikinka, da injinan da za a bari ka taɓa. Sannan ka tabbatar sashenku ya amince da wurin kafin ka fara zuwa, in ba haka ba ana iya ƙin lissafa maka watannin gaba ɗaya.

Makon farko na sanin hanyar tsira da lafiya ne. Gano inda maɓallin tsayar da inji na gaggawa yake, da na'urar kashe gobara, da ƙofar fita. Kada ka sa safar hannu, zobe ko riga mai faɗin hannu kusa da injin da ke juyawa, domin idan ya kama tufa, hannun zai bi. Kafin a sa hannu cikin inji don gyara, a kashe wutarsa daga tushe, a sa kwaɗo da katin gargaɗi a makunnin. A ɗakin sinadarai kuwa, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. Idan aka juya lamarin, zafin da ke tashi nan take zai fantsamo maka shi a fuska.

Sai littafin aiki, wanda a nan mafi yawan ɗalibai ke yin asara. Ware minti 15 kullum kafin ka bar wurin, ka rubuta da biro. Wanda ya bari sai ƙarshen wata, ƙirƙira zai yi, kuma malamin da ya saba duba irin waɗannan littattafai yakan gane shafi talatin da aka cika a zama ɗaya. "Yau na taya gwajin kankare" ba rubutu ba ne. Ga yadda ya kamata ya kasance: kwanan wata, wurin da aka zuba kankaren, an cika mazubin gwaji mai tsayin milimita 300 hawa uku, kowane hawa an soke shi da sandar ƙarfe sau 25, da aka ɗaga mazubin kankaren ya sauka da milimita kaza. An cika akwatunan gwaji shida masu milimita 150 a kowane gefe, uku za a fasa a kwana 7, uku a kwana 28. Ka rubuta dalili ma: ƙarfin kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin kwana 28, saboda haka shi ke fara nuna ko akwai matsala. Idan ba a danna kankaren sosai a akwatin ba, iska za ta bar ramuka a ciki, ya fashe da wuri a injin gwaji, a ɗora wa haɗin laifin da ba nasa ba. Duk lambar da ka rubuta, ka haɗa ta da ma'auninta. Lamba 80 ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai.

Kuskure ma a rubuta shi, don ya fi kowane shafi daraja. Ɗalibin lantarki da ya manta wayar mitarsa ta gwajin wuta a ramin auna amfiya (yawan wutar da ke gudana), ya je auna bolt (ƙarfin turin wutar) da ita, zai ƙona fiyus ɗin mitar, saboda a wannan yanayi mitar tamkar waya ce miƙaƙƙiya da ta haɗa layi biyu. Ɗalibin ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta kuma yakan fara ƙidayar minti 15 na tukunyar turara kayan aiki daga lokacin da ya kunna ta, alhali sai zafi ya kai digiri 121 a ma'aunin Salshiyos ake fara ƙidaya. Sakamakon shi ne farantan da ƙwayoyin da ba a gayyata ba suka tsiro a kansu bayan kwana biyu. Rubuta abin da ya faru, da musabbabinsa, da yadda aka gyara. Idan ka yi kuskuren rubutu, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, kada ka goge ko ka yage shafi.

Mai duba aikinka ya sa hannu kowane mako. Ma'aikata na tafiya hutu, ana yi musu canjin wurin aiki, kuma wanda ya gaje su ba zai sa hannu a kan aikin da bai gani ba. Nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kuma sunan abokin ciniki ko bayanan majinyaci kada su shiga littafinka.

Rahoton ƙarshe ba sai an gama ake fara shi ba. Ƙarshen kowane wata ka tace shafi biyu ko uku daga littafin. Tarihin kamfani ya tsaya a shafi ɗaya (masu duba rahoto sun gaji da karanta abin da aka kwafo daga shafin intanet na kamfani), sauran ka ba wa ayyukan da ka yi da kanka, da zane da alƙaluma. Ranar kare rahoto daga nan tambayoyi za su fito, don haka kada ka sa sunan injin da ba za ka iya bayyana yadda yake aiki ba. Idan akwai matsalar da ka ga tana yawan dawowa a wurin, kamar injin da ke yawan zafi ko gwajin da sakamakonsa ke saɓawa, ka tara alƙalumanta da izininsu, don tana iya zama batun bincikenka na shekarar ƙarshe.

Ana saura mako biyu ka tafi, nemi takardar shaida mai ɗauke da ranar farawa, ranar gamawa, sashen da ka zauna da ayyukan da ka yi, a kan takardar kamfani mai hatimi. Ka kuma tambayi mai duba aikinka ko ya yarda ka riƙa ba da sunansa a matsayin wanda zai shaide ka idan ka je neman aiki.