Darasi na Tara: Yadda Sa Hannun Talakawa Ke Gyara Tsarin Mulkin Jiha a Amurka

Karatu

Ƙasar Amurka tana da jihohi 50. Kowace jiha tana da kundin tsarin mulkinta, ban da babban kundin tarayya da ke sama da kowa. Kundin jiha shi ke faɗin yadda za a zaɓi gwamna, da irin harajin da za a ɗora wa mutane, da haƙƙoƙin da gwamnati ba ta isa ta taɓa ba. A yawancin jihohi, 'yan majalisa ne ke fara kawo maganar yi masa gyara, sannan a kai wa jama'a su jefa ƙuri'a. Idan 'yan majalisa suka ƙi, magana ta mutu.

Amma jihohi 18 sun rubuta wata hanya dabam a kundinsu. A can, manomi ko malamar makaranta ko direba na iya rubuta gyaran da yake so, ya bi mutane su sa hannu a takardar koke. A yawancinsu, idan sa hannun ya kai adadin da doka ta yanka, dole a sa maganar a takardar zaɓe, ko majalisa tana so ko ba ta so. Ranar zaɓe kowa ya zaɓi "e" ko "a'a".

Daga ƙasar Suwizalan Amurkawa suka ɗauko dabarar. Jihar Oregon ce ta fara amincewa da ita wajen gyaran kundi a 1902. Kalifoniya ta bi sahu a 1911, lokacin da mutane suka gaji da yadda kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ke juya majalisarsu yadda ya ga dama. Gwamna Hiram Johnson ne ya ja ragamar sauyin a can.

Abin da ya faru a Mishigan

Bari mu bi labari guda daga farko har ƙarshe, don mu ga yadda aikin yake.

A da, a jihar Mishigan, 'yan majalisa ne ke shata iyakokin mazaɓu bayan kowace ƙidaya. Jam'iyyar da ke da rinjaye sai ta ja layukan yadda kujerunta ba za su suɓuce ba. Ka ga ke nan ɗan majalisa ne ke zaɓen waɗanda za su zaɓe shi. Wa zai gyara wannan? Ba dai mai cin moriyarsa ba.

Bayan zaɓen 2016, wata matashiya mai suna Katie Fahey ta rubuta a Facebook cewa tana so a kawo ƙarshen wannan ɗabi'a, ta tambayi wa zai taya ta. Mutane suka amsa. Suka zagaya garuruwa suna jin ra'ayin jama'a, sannan suka rubuta gyaran: a karɓe aikin shata mazaɓu daga hannun majalisa, a ba wata hukuma ta mutum 13, huɗu daga kowace ɗaya cikin manyan jam'iyyu biyu, biyar kuma waɗanda ba sa cikin ko ɗaya.

Dokar Mishigan ta ce sai an samu sa hannun da ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a zaɓen gwamna na baya, kuma a tara shi cikin kwana 180. A lokacin, adadin ya kama 315,654. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dubban 'yan sa kai suka tsaya a kasuwanni da wuraren taro da allon rubutu a hannu, ba a biyan su ko sisi, har suka tara sama da 425,000.

Me ya sa suka wuce adadin da nisa haka? Domin jami'an zaɓe suna tantancewa. Wanda bai yi rajistar zaɓe ba, a soke nasa. Wanda ya sa hannu sau biyu, a soke. Wanda ya rubuta adireshin da bai dace da rajistarsa ba, shi ma haka. Mai hankali yakan tara rara tun da wuri.

Masu adawa sun kai ƙara don a hana maganar shiga takardar zaɓe, Kotun Ƙolin jihar ta ƙi. A watan Nuwamba na 2018, kashi 61 cikin 100 na masu zaɓe suka ce "e". Yau hukumar ce ke shata mazaɓun Mishigan.

Kowace jiha da sharaɗinta

Kalifoniya tana neman kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna. Ohayo tana neman kashi 10, kuma sai an samo sa hannu daga aƙalla gundumomi 44 cikin 88, don kada manyan birane su yanke hukunci su kaɗai, a bar mutanen karkara a baya. A Nebada sai gyara ya ci zaɓe sau biyu a jere. A Fulorida kuwa rinjaye kawai bai isa ba, sai kashi 60 cikin 100. Da wannan tsaurin ma, a 2018 mutanen Fulorida suka maido wa yawancin waɗanda suka gama zaman kaso 'yancin jefa ƙuri'a, mutum sama da miliyan ɗaya, ko da yake daga baya majalisa ta gindaya musu sharaɗin biyan tarar da ake bin su tukuna.

Misisipi tana cikin jihohi 18 ɗin nan, amma tata hanyar ta toshe. Kundinta ya ce a tara sa hannu daga mazaɓun tarayya biyar, alhali bayan ƙidayar 2000 mazaɓun sun koma huɗu. A 2021 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba yadda za a cika sharaɗin. Lamba guda da aka bari ba a gyara ba ta rufe wa jama'ar jiha baki ɗaya ƙofa.

Kuma duk gyaran da jiha ta yi, idan ya saɓa wa kundin tarayya, kotu na iya rushe shi.

Inda kuɗi ke shigowa

A nan nake so ku natsu. Ƙofar da talaka ke bi, mai kuɗi ma ya san ta. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa jiha ba za ta hana biyan masu tara sa hannu ba. Yanzu akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma wanda ya tare ka a bakin kanti da takarda wataƙila bai damu da abin da ke ciki ba, ladansa yake nema.

A 2009 masu gidajen caca suka kashe maƙudan kuɗi a Ohayo, suka tara sa hannu, suka ci zaɓe. Aka rubuta cikin kundin jihar cewa za a gina gidajen caca huɗu a biranen Cleveland da Columbus da Cincinnati da Toledo, har da filayen da za a gina su. Kasuwancin wasu tsiraru ya shige cikin babbar dokar jiha. A 2015 mutanen Ohayo suka amince da wani gyaran da ya tsaurara hanya ga mai son yin irin haka. Duk da wannan, da 'yan majalisa suka nemi a ɗaga rinjayen da ake buƙata zuwa kashi 60 a watan Agusta na 2023, jama'a sun ƙi. A ganina sun yi daidai: an gyara inda ɓarna ta shigo, ba a miƙa wa majalisa makullin ba.

Mu fa a Najeriya?

Jihohinmu ba su da kundin kansu. Kundin 1999 guda ne, kuma sashe na 9 ya ce gyara shi sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, tare da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Koken talakawa ba ya tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama kan gyara. Amma sa hannu yana da ƙarfi a wani wuri, wato kiranye. Sashe na 69 ya ce idan sama da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa sun yanke ƙauna da wakilinsu, hukumar zaɓe ta INEC za ta tantance, sannan a yi ƙuri'a. An gwada wannan kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma. A 2018 aka zo tantancewa, waɗanda aka tabbatar ba su wuce kashi 5 da ɗoriya cikin 100 na masu rajista ba, magana ta tsaya nan.

Saboda haka, Malam, Malama, duk wanda ya miƙo muku takarda, kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai kun karanta ta. Idan rubutun ya yi wuya, a samu wanda kuka yarda da shi ya karanta muku da ƙarfi. Ku tambayi wa ya rubuta, wa ke biyan mai yawo da ita, kuma ina za a kai ta. Kada ku sa wa wani, ko da mijinki ne ko matarka.

Aikin aji

1. A wata jiha an jefa ƙuri'a 2,000,000 a zaɓen gwamna. Doka tana neman kashi 10 cikin 100. Sa hannu nawa za a tara? Idan kashi 8 ne fa?
2. Ku cire 315,654 daga 425,000. Rarar nawa mutanen Mishigan suka tara?
3. Mutum 57 cikin 100 sun ce "e" a Fulorida. Gyaran ya wuce ko ya faɗi? Don me?
4. Ku kasu biyu. Rukuni ɗaya ya rubuta koke na layi uku kan wata matsala ta unguwarku, kamar famfo ko magudanar ruwa. Ɗaya rukunin ya karanta, ya yi tambayoyi uku kafin kowa ya rubuta cikakken sunansa da kwanan wata a ƙasa.