Filtar Mai a Peugeot 504: Inda Nake Sa Ta da Yadda Nake Kula da Ita

Tankin Peugeot 504 na ƙarfe ne, kuma tun 1975 aka fara haɗa motar a Kaduna. Ƙarfen da ya sha shekaru haka dole ya riƙa zubar da tsatsa cikin mai, ga ruwa da ƙurar da man bumburutu ke kwasowa daga jarka. Shi kuwa jet ɗin silo na kafireta, wato ƙaramar kafar da mai ke bi lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, raminsa kusan rabin milimita ne kacal. Ɓarɓashin tsatsa ɗaya ya isa ya sa mota ta riƙa mutuwa a danja.

Ka sayi filtar roba fara, wadda ake hango takardar cikinta. Ka guji ta ƙarfe irin ta motocin injekta, domin famfon lantarki mai ƙarfi aka yi wa ita, alhali famfon mai na 504 mai kafireta inji ne ke kaɗa shi, a hankali yake zuƙo mai. Ta gilashi ma ba na son ta ko kaɗan. In ta fashe kusa da inji mai zafi, gobara ce.

Ni tsakanin tanki da famfo nake sa tawa. Makanikai da yawa sun fi son tsakanin famfo da kafireta don ya fi sauƙin kai hannu, kuma hakan yana kare kafireta. Amma famfon ma yana da ƙananan bawul guda 2 a ciki, tsatsa na maƙalewa a bakinsu su daina rufewa da kyau. In filta tana tsakanin tanki da famfo, famfon da kafireta duka sun tsira.

Ka bari inji ya huce, a fili inda iska ke kaɗawa, ba sigari, ba murhun mai shayi a kusa. Cire wayar batir ta nagetif. Tanadi sukundireba, filaya, wuƙa mai kaifi, tsumma, gwangwani da kilif 2 masu sukuru. Matse tiyon da ke kai mai famfo ta ɓangaren tanki kafin ka yanka, in ba haka ba mai zai yi ta tsiyaya. Yanka a miƙe, kada ya karkace.

Nan ne nake so ka natsu. Akwai kibiya a jikin filtar, dole bakinta ya kalli famfo, wato inda mai ya nufa. Tura tiyo har ya wuce ɗan tudun da ke bakin filtar, sannan ka ɗaure kilif a bayan tudun, ba a kansa ba. Kada ka matse har robar ta tsage. Waya da igiyar roba ba su maye gurbin kilif, ko da yaron gareji ya rantse maka za su riƙe. Tunda hannunka na wurin, lanƙwasa tiyon ka duba: in ya yi tauri ko ya nuna tsaga, canza shi da tiyon fetur na ainihi, ka je kasuwa da guntun tsohon don a gwada faɗinsa. Ka ɗaure filtar nesa da bututun salansa da fanbel, kada ta riƙa lilo.

Mayar da batir ka tayar. Za ta ɗan ja lokaci kafin mai ya iso. Bar ta a silo minti 5, ka shafa busasshen tsumma a mahaɗun biyu. Ko danshi ka gani, kashe ka gyara. In ka ga filtar rabi mai rabi iska, kada hankalinka ya tashi, haka suke aiki.

Daga nan sai lura. Duk ranar da ka buɗe bonet don duba ruwa, leƙa filtar. Jan gari a ƙasanta tsatsa ce, ɗigon da ya ware ya kwanta ƙasa kuma ruwa ne. Filtar da ta toshe ba ta cika nuna kanta a cikin gari ba, sai ka hau hanyar Zariya ka taka totur, ko ka zo hawan tudu da kaya, mota ta fara shaƙewa, in ka sassauta ƙafa ta dawo daidai. Ina canza tawa sau ɗaya a shekara, bayan damina, kuma akwai sabuwa a but koyaushe. Ba a hura tsohuwar da baki a mayar.

In sabuwa ta yi ja cikin mako 2, daina sayen filta. Sauke tankin a wanke shi, a busar, a hura layin mai da iska tun daga baya har gaba, sannan ka sa wata.