Lasisin tuƙi a Birtaniya idan shekaru sun kai 70

Bayan sallar Juma'a ne, a wurin ajiye motoci na masallacinmu, wani dattijo da nake kira Baba ya ciro wata farar ambulan daga aljihun jallabiyarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, ko ƙwace mini lasisi za su yi?" Wasiƙar DVLA ce, hukumar lasisin tuƙi da ke Swansea a yankin Wales, a ciki kuma fom ne mai lamba D46P. Na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, ba wanda zai ƙwace maka komai. Sabuntawa ce kawai." Tun ranar nake son in rubuta wannan, saboda iyayenmu da suka iso nan da furfurarsu da kuma 'ya'yan da ke kula da su.

A Ingila da Scotland da Wales, lasisin mota yana ƙarewa ne ranar da mutum ya cika shekara 70. Daga nan sai a riƙa sabunta shi duk bayan shekara uku, kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya. Kwana 90 kafin ranar hukumar ke aiko da fom ɗin. Mai so ya cike ya mayar ta gidan waya, ya jira kamar mako uku. Mai so ya yi ta intanet a shafin gwamnati na GOV.UK, wanda ya fi sauri. Za a tambayi adireshin duk inda ka zauna cikin shekaru uku da suka wuce, da lambarka ta inshorar ƙasa, wato National Insurance. A kula da shafukan 'yan damfara da ke kwaikwayon na gwamnati: duk wanda ya nemi kuɗi kan wannan aiki, a rufe shi. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar daban, DVA.

Abu biyu ne ke yawan kayar da mutanenmu tun kafin a je ko'ina. Na farko sauya gida. Baƙo yakan tashi daga wannan haya zuwa waccan, ya manta bai sanar da DVLA ba, wasiƙa ta tafi tsohon gida, lasisi ya mutu yana aljihu. Rashin sanar da sabon adireshi kaɗai na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Na biyu ranar haihuwa. Da yawa cikin dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai aka sa musu 1 ga Janairu a fasfo. To wannan ranar ta takarda ita hukuma ta sani. A juya lasisin a duba bayansa, ranar ƙarewar tana nan a rubuce.

Wanda ya zo kwanan nan da lasisin Najeriya ko Nijar ko Gana, nasa lissafin daban ne. Wata 12 kacal zai yi tuƙi da shi daga ranar da ya zama mazauni, kuma ba a musanya lasisin waɗannan ƙasashe da na nan. Ko da ya shekara arba'in yana bin hanyar Kano zuwa Legas, sai ya nemi lasisin koyo, ya ci jarrabawar ƙa'idojin hanya a kwamfuta, sannan ya ci ta tuƙi. Ba a hana kowa zama wannan jarrabawa saboda tsufa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. A wannan sabuntawa ba likitan da zai duba ka, ba jarrabawar tuƙi. Kai ne za ka sa hannu cewa idonka yana gani yadda doka ta ce, kuma ba ka da wata cuta da ta kamata a sani. Amana aka ba ka. Ma'aunin kuwa shi ne ka iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, da tabarau idan kana sawa. Wato kamar tsawon motoci biyar da aka jera a bakin titi.

Ranar nan mun gwada da Baba kafin ya sa hannu. Na auna taku, na tsayar da shi, na nuna masa wata baƙar mota. Ya karanta haruffa biyun farko, ya ƙanƙance ido, ya rufe na hagu da tafin hannu, ya yi shiru. Can ya ce, "Rana ce ta haske mini." Babu rana a ranar, hadari ne. Ban yi masa musu ba, na ce, "Baba, mu je a duba, ai kyauta ne." Haka yake: a Ingila duk wanda ya kai shekara 60 NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, na duba masa ido ba tare da ya biya ba. Yanar ido aka samu tana farawa, aka canza masa tabarau, ya karanta lambar tsaf, sannan ya sa hannu da zuciya ɗaya.

Ina roƙon kowa ya yi wannan gwajin a wurin masu duba ido, kar a tsaya ga na bakin titi. Hawan jinin ido ya fi kama mu baƙar fata, kuma a hankali yake cin gefen gani ba zafi ba ciwo. Mutum yana karanta Alƙur'aninsa lafiya lau, amma yaron da ya fito daga gefe a kan keke ba zai gan shi ba. Idan ciwon ya taɓa ido biyu, dole a sanar da DVLA. Haka farfaɗiya, da cutar mantuwa, da ciwon sukarin da ake yi wa allurar insulin. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki zai ajiye mota wata guda, idan da sauran matsala bayan nan ya sanar. Ɓoyewa na iya jawo tarar fam 1,000, idan kuma aka yi haɗari ana iya kai mutum kotu, kamfanin inshora ma ya zame. Na san abin da ke sa a ɓoye: tsoron a ce a ajiye makulli. Amma sanarwa ba ita ce ƙwacewa ba. Sau da yawa lasisi mai gajeren wa'adi ake bayarwa, na shekara ɗaya ko biyu ko uku. Masu insulin kuma su auna sukarinsu cikin awa biyu kafin su tada mota, su sake aunawa duk bayan awa biyu a doguwar tafiya. Wannan ya fi muhimmanci a watan azumi, musamman ana dab da shan ruwa.

Akwai kuma waɗanda suka ci jarrabawa kafin 1997, da lasisinsu ya ba su damar tuƙa ƙaramar bas. Wannan damar tana faɗuwa a shekara 70 sai an cike fom D2, likita ya cike D4. Dattijon da ke jan bas ɗin Islamiyya ya lura da wannan.

Ku 'ya'ya, na san nauyin ce wa mahaifi tuƙinsa ya fara rauni. Kada a faɗa masa a gaban jikoki ko surukai. A zauna gefensa a mota, a lura ko ya fara gudun tuƙin dare, ko shataletale na rikita shi. Idan shakka ta shiga, akwai cibiyoyin Driving Mobility da ke gwada tuƙin dattawa su ba da shawara, likitan unguwa ma zai iya turawa. Idan kuma an riga an aika takardu, lasisi ya ƙare sabon bai iso ba, sashe na 88 na dokar hanya ta 1988 ya yarda a ci gaba da tuƙi, matuƙar likita bai hana ba kuma kotu ba ta dakatar da mutum ba.