Kurakuran da masu sayen hannun jari ke yi wajen karanta lissafin kamfani

Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari ba zai taɓa kiran kuɗin da ya ƙirga da yamma riba ba. Ya san akwai kuɗin kaya a ciki, akwai hayar shago, akwai sallamar yara. Amma shi ɗin nan, ran da ya fara sayen hannun jari ta waya, yana jin an ce cinikin kamfani ya ƙaru sai ya ce an dace. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ya fi yawa.

Dubi MTN Nigeria a 2023. Cinikinsa ya haura naira tiriliyan 2, ya fi na shekarar da ta gabata, amma ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137. A watan Yunin shekarar ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake samu wajen 460 a hukumance ta kai wajen 900 kafin ƙarshen Disamba. Duk abin da ake bin kamfanin da dala sai ya kusa ninkawa a lissafin naira. Nestlé Nigeria ma asara ya yi a shekarar, kan dalili ɗaya. Gyaran nan mai sauƙi ne: kada ka tsaya a layin farko na takardar riba da asara, gangara har layin riba bayan haraji, sannan ka nemi inda aka bayyana bashin da ke cikin kuɗin waje.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Ribar da ke takarda daban, kuɗin da ke hannu daban. A ƙa'idar akanta, da zarar kaya ya fita an rubuta ciniki, ko an biya ko ba a biya ba. Kamfanin da ya ba diloli kayan biliyan 10 bashi zai rubuta ribarsa a shekarar, alhali ko sisi bai shiga asusu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a shago ya san sunayen da ke ciki ba sa biyan kuɗin haya. Shi ya sa rahoton shekara yake ɗauke da takarda ta musamman da ke nuna shige da ficen tsabar kuɗi, kuma ni ita nake fara buɗewa. In riba tana hawa shekara uku a jere, kuɗin da ainihin sana'ar ke kawowa kuwa yana tsaye ko yana raguwa, to ka duba abu biyu: bashin da kamfani ke bin mutane, da kayan da ke jibge a sito. In suna kumbura fiye da yadda ciniki ke ƙaruwa, akwai magana. Wani lokaci kasuwa ce ta yi sanyi. Wani lokaci kuma gyaran fuska ake yi wa alƙaluma, kamar yadda aka gano a Cadbury Nigeria a 2006, inda aka shafe shekaru ana ƙara gishiri a lissafin na biliyoyin naira, har hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta yi hukunci daga baya. Karanta rahoton masu binciken kuɗi ma, shafi kaɗan ne, kuma in suna da ja a nan suke faɗa.

Sai maganar araha. Mutum zai ga hannun jari na naira 5 da wani na naira 500, ya ruga wa na biyar don zai samu da yawa. Yawan adadi ba ya nuna komai. Raba farashin da ribar da kowane hannun jari ɗaya ya samu a shekara. In na naira 5 kwabo 10 yake samarwa, ka biya ribar shekara 50 ke nan. In na 500 yana samar da naira 100, ribar shekara 5 ka biya. Wanne ne mai tsadar? Amma a kwatanta banki da banki, siminti da siminti, don kowace sana'a da yanayinta.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ganin kamfani da bashi ba abin gudu ba ne. Kuskuren shi ne kallon kadarori kawai, gine-gine da injuna da motoci, a manta da ɗaya ɓangaren. Cire duk bashin daga duk kadarorin, abin da ya rage shi ne naku masu jari, kuma yana iya zama ƙasa da sifili. Sannan ka tambayi yaushe za a biya. Bashin da wa'adinsa ke cika cikin wata goma sha biyu shi ke shaƙe kamfani, musamman a lokaci irin ƙarshen 2024 da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Wanda ke kauce wa kuɗin ruwa saboda addini ma a shafin kadarori da bashi zai ga gaskiyar kamfani, kuma kasuwar hannun jari ta Legas tana da jerin Lotus Islamic na kamfanonin da aka tace bisa shari'a.

Hauhawar farashi kuma tana cin riba a ɓoye. A Disambar 2024 ta kai kashi 34.8. Kamfanin da ribarsa ta ƙaru da kashi 15 a irin wannan shekara baya ya ci.

Rabon riba shi ne abin da kowa ke jira, amma kamfanin da ke raba fiye da abin da ya samu uwar kuɗi yake ci, ko kuma rance yake yi ya raba. Kwatanta rabon da ribar hannun jari ɗaya, ka tuna ana cire harajin kashi 10 kafin ya iso gare ka. Da yawa ma nasu bai taɓa isowa ba, don tun zamanin takardar shaida suka saya, adireshi ya canja, suna bai yi daidai da na banki ba. Mai irin wannan matsala ya je bankinsa ko wurin magatakardan kamfanin, mai riƙe rajistar masu hannun jari, ya cike fom ɗin biyan rabo ta asusu, ya tafi da lambar BVN da katin shaida.