Kumasi ba Tamale ba ce: kurakuran masu zuwa aiki a keke

Duk wanda ya saba tuƙa keke a Tamale, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, ranar farko da ya taso daga Aboabo zai nufi Adum zai gane Kumasi garin hawa da gangara ne. Yawancin kurakuran ’yan’uwanmu na Zango daga nan suke farawa.

Mutum ya je wurin ’yan gwanjo, ya ga fenti yana ƙyalli, ya sayi keke marar giya. Mako biyu, gwiwa ta fara kuka, keken ya koma jingine a zaure. A garin nan nemi mai giya, ko da fentin ya koɗe. Kuma mai giyar ma sai an iya ta: da yawa sai sun kai tsakiyar tudu, ƙafa ta yi nauyi, sannan su canza. A lokacin sarƙa tana ɗauke da dukkan nauyinka, sai ka ji ƙaras, ta zame ko ta tsinke. Sauko da giya tun kana gindin tudun, ka ɗan sassauta taka feda yayin canzawa.

Sirdi ma haka. Ana sauke shi ƙasa don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa, alhali shi ne ke cin gwiwa. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, tsayin ya yi.

Baƙin man mota a sarƙa kuwa, haba malam! Da hunturu ƙura ce za ta manne ta zama kamar yashi, ta cinye haƙoran giya. Goge da tsumma, ɗiga man keke kaɗan, sake gogewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bin hannun da ba naka ba, wai don ka riƙa ganin motar da ke tahowa. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma direban da zai fito daga lungu ba ya tsammanin kowa daga ɗaya ɓangaren. Bi hannunka. Kada kuma ka kutsa tsakanin trotro (ƙaramar bas ta haya) da kwata, musamman wajen kasuwar Kejetia: fasinja na ɗaga hannu direba zai yanko gefe, yaron mota ya ja ƙofa. Ba shi fili, ka kunna fitila bayan magariba.

Sai keken gora, wanda Bernice Dapaah ta yi suna da haɗa shi a nan Kumasi. Wasu na yi masa dariya, wai zai karye. Gangar jikin ce kawai gora, an ɗaure mahaɗanta da zare da gam mai ƙarfi. Birki, sarƙa da taya duk irin na sauran kekuna ne, kowane mai gyara a Asawase zai iya da su. Yana ma shanye girgizar hanya. Abin da ba ya so shi ne a bar shi waje, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Shigar da shi ɗaki.